Rigar "AARON 44" da na samu a dila: wane ne mutumin nan?

Mai Gwanjo, Garwa

Assalamu alaikum jama'a. Ni ɗan kasuwa ne a nan Garwa, shekarata goma sha ɗaya ina sayar da gwanjo. Ranar Litinin na fasa wata dilar rigunan maza da ta zo mini ta Duwala, sai na ci karo da wata farar riga mai maɓallai daga wuya har ƙasa, yadinta mai kauri. An ɗinka "Braves" da jan zare a ƙirji, ga hoton ɗan gatari a ƙarƙashin rubutun. A bayanta an sa AARON da lamba 44. Rigunan ƙwallo sun sha bi ta hannuna, ta Eto'o, ta Abubakar, ta Real, ta Barsa, ko da ido rufe na san kuɗin kowacce. Wannan kuwa ɗinkinta daban ne. Wani saurayi ya taya jaka uku, na ce ba ta sayarwa ba ce, na naɗe ta na tafi da ita gida.

Dalilin da ya sa nake tambaya shi ne ɗana na biyu. Shekararsa goma sha huɗu, siriri ne ƙwarai, irin jikin dangin mahaifiyarsa ya ɗauko. Watan jiya ya je gwaji a wata ƙungiyar yara ta ƙwallon ƙafa, mai horar da su ya ce masa a gaban sauran yara wai ba shi da jiki, ya je ya ci tuwo ya dawo. Tun ranar bai sake taka fili ba. Yaron da magariba ce kaɗai ke dawo da shi gida, yanzu daga makaranta sai ɗaki. Abin yana cin raina fiye da yadda nake nuna masa.

Da ya ga rigar sai ya sa, ta sauko masa har gwiwa. Ya karɓi wayata ya rubuta sunan, muka samu wani tsohon bidiyo: baƙin mutum ya doki wata 'yar ƙwallo da kulki, ya kama zagaya fili da sassarfa, wasu samari biyu farare suka diro suna gudu a gefensa, can kuma wata tsohuwa ta rungume shi ta ƙi saki. Duk bayanin da Ingilishi ne, mu kuwa Faransanci muka yi. Yaron ya maimaita bidiyon ya fi sau goma, sannan ya ce mini: "Baba, ai mutumin nan ba ƙato ba ne. Ta yaya ya kai ta can?"

Shi ne na kawo muku. Wane wasa ne wannan? Wane ne Aaron? Me ya sa filin ya ruɗe haka? Kuma abin da yaron ya lura da shi, gaskiya ne ko idonsa ne?

Malamin Ingilishi, Marwa

Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya raya mana yaron. Idonsa bai yaudare shi ba, kuma zan zo kan wannan, amma bari in fara da wasan, don in ba a san shi ba labarin ba zai yi daɗi ba.

Sunansa besbol, a Amurka da Japan da ƙasashen Karebiyan ya fi ƙarfi. Mai jifa yana tsayawa a kan ɗan tudu, tsakaninsa da mai bugu mita 18 da 'yan kai. Ƙwallon ba ta fi cikin tafin hannu ba, nauyinta wajen giram 145, tauri gare ta kamar goriba. Gwanaye suna jefo ta da gudun kilomita 150 a awa, wato kafin rabin daƙiƙa ta iso. Wani jifan kuma ba miƙewa yake ba, sai ya taho kamar zai daki ƙirjinka, ya karkace ya faɗa ƙasa. A cikin wannan ɗan ƙiftawar ido ne mai bugu zai gane wane irin jifa ne, ya yanke ko zai kai masa kulki. In ya doka, sai ya ruga ya bi zango uku ya dawo gida, a rubuta wa ƙungiyarsa maki ɗaya. In kuwa ya doka ta tsallake katangar fili, wadda take tazarar mita 100 zuwa 120, to babu mai tare shi, da shi da duk abokansa da ke tsaye a zango sai su shigo gida a natse. Wannan shi ake kira homron. Wahalar abin ta kai inda wanda ya yi nasara sau uku cikin goma ana lissafa shi cikin manya.

Henry Aaron, wanda aka fi sani da Hank, an haife shi ranar 5 ga Fabrairu 1934 a garin Mobil na jihar Alabama, a kudancin Amurka, lokacin da doka ta raba baƙi da fari a makaranta, a mota, a gidan abinci, har a famfon shan ruwa. Su takwas iyayensu suka haifa, gidan talakawa ne. Kuɗin sayen ƙwallo da kulki babu, don haka da sanda da marafan kwalba ya koyi bugu. Alhaji ka dubi ƙanƙantar marfin kwalbar lemo da yadda yake lilo a iska in an wurgo shi. Wanda ya saba samun wannan da sanda, ran da aka ba shi ƙwallo ta gaske sai ya gan ta kamar kabewa. Da yake babu wanda ya koya masa, riƙon kulkinsa ma a juye yake, hannun hagu a sama maimakon dama, sai da ya shiga hannun masu horarwa aka gyara masa.

A 1947 Jackie Robinson ya zama baƙin farko da ya buga a babbar gasar Amurka ta wannan zamani. Aaron yana ɗan shekara goma sha uku a lokacin. A 1952 ya hau jirgin ƙasa da ɗan guzurin da mahaifiyarsa ta ƙulla masa, ya tafi buga wa Indianapolis Clowns, ƙungiyar gasar baƙaƙen fata, a kan dalar Amurka 200 a wata (dalarsu fa, ba dalarmu ta sefa biyar ba). Bai daɗe ba Braves, ƙungiyar babbar gasa da sunanta ke ƙirjin rigarka, suka saye shi a kan dala 10,000. Ya yi shekara biyu a ƙananan ƙungiyoyinsu, ɗaya a Jaksonbil ta jihar Fulorida, inda abokan wasansa farare ke sauka a otal shi kuma a nema masa masauki a unguwar baƙaƙe. A 1954 wani babban ɗan wasansu, Bobby Thomson, ya karye a idon sawu ana shirin fara kaka, aka sa Aaron a gurbinsa yana da shekara ashirin. Daga nan bai bar babbar gasar ba sai 1976.

Yanzu ga amsar yaronka. Tsayin Aaron mita 1 da santi 83, nauyinsa wajen kilo 82. A cikin masu bugun nesa wannan matsakaici ne. Ƙarfinsa a wuyan hannu yake. Yakan jira ƙwallo har ta kusa wuce shi, mai jifa ya ɗauka ya ci, sai ya fizgo kulkin kamar bulala. Saboda wannan jinkirin yana samun damar ganin jifan sosai kafin ya motsa. Kuma mutum ne mai haddace masu jifa: wane yakan fara da wane jifa, me yake komawa gare shi in ya shiga matsi. Shi ya sa duk da bugun nesa da yake yi, bai taɓa faɗuwa da kuskuren bugu (wato ya kuskure jifa uku a fitar da shi) sau 100 a kaka ɗaya ba, abin da masu bugun nesa na yau suke wucewa ba tare da kowa ya ɗaga ido ba.

Abin da ni ya fi burge ni shi ne bai taɓa buga homron 50 a shekara ɗaya ba. Mafi yawansa 47 ne, a 1971. Amma tun daga 1955 har 1974, shekara ashirin a jere, ba a taɓa samun kakar da ya kasa 20 ba, kuma sau goma sha biyar yana kai 30. Da yayyafi kogi ke cika. A 1957 ya buga 44, daidai lambar rigar da ke gidanka, aka zaɓe shi gwarzon gasa, suka kuma doke New York Yankees suka ɗauki kofi, lokacin ƙungiyar tana garin Milwoki. A 1966 ta koma Atlanta.

Bidiyon da kuka gani na daren 8 ga Afrilu 1974 ne. Babe Ruth, wanda Amurkawa ke ɗauka uban wasan, ya bar tarihin homron 714 tun 1935, an ɗauka babu mai kamo shi. A daren nan, a gaban mutum 53,775, Aaron ya buga na 715 a hannun Al Downing na Los Angeles Dodgers, wanda shi ma lamba 44 ce a bayansa. Ya yi ritaya da 755. Ya rasu ranar 22 ga Janairu 2021 yana da shekara 86.

Ɗan Kusuri

Malam, Allah ya ƙara sani, amma ina da gyara. Aaron ba shi ne na ɗaya ba yanzu. Barry Bonds ya wuce shi a watan Agusta 2007, ya tsaya a 762, kuma a 2001 kaɗai ya buga 73. A Japan ma Sadaharu Oh yana da 868. To don me za a riƙa kambama 755? Sannan Alhaji, gaskiya wasan nan ba namu ba ne. Daga Kusuri har Gaundare ina filinsa, ina kayansa? Gara a lallashi yaro ya koma ƙwallon ƙafa. Vincent Abubakar ai daga Coton Sport ta Garwa ya tashi, ga shi ya ci mana kofin Afirka a 2017, ya zura wa Barazil a 2022. Wannan ita ce hanyar da muka san tana ɓullewa.

Malamin Ingilishi, Marwa

Lissafinka daidai ne ƙanena, ba na musu. Sai dai Bonds zargin amfani da magungunan ƙara ƙarfi ya bi shi har ƙarshen wasansa, kuma 'yan jaridar da ke zaɓen waɗanda ake sakawa a zauren gwanayen besbol sun yi shekara goma ba su ba shi ƙuri'un da ake buƙata ba. Aaron kuwa a karon farko ya shiga, a 1982, da kusan kashi 98 cikin ɗari. Oh gwani ne na haƙiƙa, amma gasarsu daban ce. Su biyun ma sun kara a Tokiyo a ƙarshen 1974, gasar bugun nesa zalla, Aaron ya ci da 10 da 9, suka kuma zama abokai.

Ga wani lissafin da za ka ƙara a naka. Bugun Aaron da ya ci, wato wanda ya kai shi zango lafiya, duka 3,771 ne. Cire homron 755 ɗin gaba ɗaya, kamar bai taɓa tsallake katanga ba, saura 3,016. Bugu 3,000 kuwa shi kaɗai kan kai mutum zauren gwanaye. Makin da bugunsa ya shigo da shi gida, 2,297, har yau babu wanda ya kamo.

Baffa, Gaundare

Salamu alaikum 'ya'yana. Jikata ce ke rubuta mini, ni idona ya yi rauni. Da ta karanto mini sunan Aaron sai na ce ta tsaya, don sunan ya mayar da ni shekara hamsin baya.

A 1974 ina saurayi ina aiki a gidan wani Ba'amurke malamin makaranta a nan Gaundare. Ni ke masa cefane, ni ke wanki da guga. Fari ne, kuma mutumin kudancin ƙasarsu. Yana da safar hannu ta fata irin ta wasan da ƙwallo ɗaya, ranar Lahadi da la'asar mukan fita bayan gida mu yi ta jefa wa juna. Ranar farko na tare ta da hannu tsirara, yatsana ya kwana uku a kumbure. Don haka in Malam ya ce tauri gare ta, na shaida.

Mujallunsa sukan iso da jinkirin sati biyu ko uku. Wata rana na kawo masa su daga gidan waya, ya buɗe ɗaya, ya ga hoton Aaron, ya miƙe tsaye yana murna. Can kuma sai ya zauna ya yi shiru. Na tambaye shi lafiya? Da ɗan Faransancinsa ya bayyana mini abin da Malam bai kai gare shi ba, wanda a ganina shi ne zuciyar labarin.

Kakar 1973 ta ƙare Aaron yana da 713, saura ɗaya ya kamo Ruth. Sai da ya jira wata shida kafin a dawo wasa. A wannan shekarar wasiƙun da aka aiko masa sun kai wajen 930,000, har hukumar gidan waya ta Amurka ta ba shi lambar shaida. Da yawansu na fatan alheri ne, amma dubbai na zagi ne da barazanar kisa, don kawai baƙi zai shafe tarihin fari. Wasu har ranar da filin da za su harbe shi suke rubutawa. Aka haɗa shi da ɗan sanda mai bindiga yana binsa ko'ina. In ƙungiya ta yi tafiya, sai ya sauka a wani otal daban da sunan da ba nasa ba, ya ci abinci shi kaɗai a ɗaki. 'Yarsa da ke jami'a ita ma aka yi barazanar sace ta, sai da aka sa mata masu tsaro. Mutum ɗan shekara talatin da tara, a cikin wannan hali ya buga 40 a kakar nan. Ku da kuke lissafi, ku sa wannan a ma'auni.

To ɗana Mai Gwanjo, samarin nan biyu da kuka gani suna gudu a gefensa, murna ce ta kawo su, amma a wannan lokacin babu wanda ya san haka. Mai tsaronsa yana cikin 'yan kallo da hannu a kan bindiga, Allah ya sa bai yi gaggawa ba. Tsohuwar kuma mahaifiyarsa ce, Estella. Maigidana ya ce abin kunya ne a kan mutanen yankinsu, kuma na ga kunyar a fuskarsa, ba a baki kaɗai ba. Da zai koma ƙasarsu ya bar mini safar hannun. Ta yi shekaru a akwatina kafin gara ta cinye ta.

Ɗan Kusuri, ɗana, ban ƙi maganarka ba, ƙwallon ƙafa ce tamu. Amma Alhaji bai ce zai kai yaro Amurka ba. Yaro ne aka karya wa zuciya da maganar jiki, ya ga wani wanda ba ƙato ba ya yi abin da ƙatti suka kasa, ya tambaya. A ba shi amsar tambayarsa tukuna.

Maman Hassana, Injamena

Baffa, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Na je na kalli bidiyon bayan na karanta naka, kuma ni idona a kan uwar ya tsaya. Wannan riƙon ba na murna kaɗai ba ne. An harba wutar biki a filin, ga ƙara ta ko'ina, ita kuma ta san wasiƙun da ake aiko wa ɗanta. Ta sa jikinta ne tsakaninsa da duk abin da zai zo. Ɗanta yana da shekara arba'in, duniya na kallonsa, amma a wurinta yaron nan ne dai da ta ƙulla wa guzuri. Na kuma karanta cewa Aaron bai zubar da wasiƙun zagin ba, ya adana su har tsufansa.

Yaya Mai Gwanjo, shawarata a matsayina na uwa kuma ma'aikaciyar jinya: yaro ɗan sha huɗu bai gama tsayi ba balle kauri. Na ga sirara da yawa da suka buɗe a sha bakwai, sha takwas. In yana cin abinci, yana barci, ba ya yawan zazzaɓi, to ka bar jikin ya yi tafiyarsa. Kada a ɗura masa maganin ƙiba na kasuwa, wallahi mun ga ɓarnar da yake yi wa yara. Wake, gyaɗa, kifin Binuwai da kuke da shi a ƙofar gida, nono in an samu, sun isa. Kuma ka bar masa rigar, kada ka mayar da ita rumfa.

Mai Gwanjo, Garwa

Jama'a na gode, Allah ya saka da alheri. Baffa, na gode da ka tashi jikarka saboda mu. Malam, na karanta wa yaron naka tun daga farko har ƙarshe, wajen marafan kwalba ya sa na maimaita. Hajiya, rigar ta zama tasa, mahaifiyarsa ta rage mata tsawo da ɗinkin hannu yadda za a iya warwarewa in ya girma. Ɗan Kusuri, kai ma na ji taka, kuma ina fatan ya koma fili, don can zuciyarsa take.

Jiya da na taso daga kasuwa na biya wajen mai shagon lemo na bakin layinmu, ya tara mini marafai cike da leda. Na yanke tsohuwar ƙotar fartanya daidai tsawon hannun yaron, na kankare ta da wuƙa. Bayan la'asar muka fita ƙarƙashin dalbejiyar ƙofar gida, na auna taku goma sha biyu na tsaya. A goman farko bai taɓa ko ɗaya ba. Ya ce in sake. A na biyu ya samu ɗaya, a na huɗu ya samu uku, ɗaya har ya haura katangar maƙwabcinmu. Kafin magariba yaran layi shida sun taru suna jiran layi, ƙanwarsa ce ke tsince marafan tana ƙirga wa kowa. Yau da safe kafin ya tafi makaranta na ga ya ɗauko takalman ƙwallonsa daga ƙarƙashin gado ya wanke ya shanya, ban ce masa komai ba.

Malam, tambaya ɗaya ta rage. Yaron na-dama ne, amma na lura hannun hagu yake ɗorawa a sama in ya riƙe sandar, irin riƙon da ka ce Aaron ya fara da shi. In gyara masa tun yanzu ne, ko in ƙyale shi zuwa wani lokaci?